Babi na Biyu: Ƙasar Surinam, Shimfiɗarta da Tarihin Kafuwar Al'ummarta

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan ƙasar Surinam, wadda ita ce mafi ƙanƙanta daga cikin ƙasashe masu mulkin kansu a nahiyar Amurka ta Kudu. Za a dubi shimfiɗar ƙasar, da yadda al'ummomin da ke cikinta suka sami kansu a wurin, da kuma irin mulkin da aka yi musu kafin samun 'yanci da bayansa. Abin da babin yake son nunawa shi ne, kusan duk mutanen ƙasar an kawo kakanninsu ne daga wasu nahiyoyi domin aikin gandu, kuma rabuwar ƙasar gida biyu, wato gaɓar teku da kurmi, ita ce ta tsara wanda ya sami iko da wanda aka bari a baya tun daga ƙarni na 17.

2.1 Shimfiɗar Ƙasa

Surinam tana arewa maso gabashin nahiyar ne. Daga arewa ta yi iyaka da Tekun Atlantika, daga kudu da Birazil. Daga gabas kogin Marowijne ne ya raba ta da Gayana ta Faransa, daga yamma kuma kogin Corantijn ya raba ta da ƙasar Gayana. Faɗinta ya kai kimanin murabba'in kilomita 163,820, ke nan ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na faɗin Nijeriya ba. Ƙidayar da aka yi a shekarar 2012 ta nuna mutanenta 541,638 ne. Babban birninta shi ne Paramaribo, wanda yake bakin kogin Surinam, tafiya kaɗan daga inda kogin ya faɗa teku.

Gaɓar tekun ƙasa ce mai laka da fadamu, wadda a wurare da dama ba ta ɗara tsayin ruwan teku ba idan ya ciko. Saboda haka ba a iya nomanta sai an yi mata ganuwa ta ƙasa, an haƙa magudanai, an kuma sa ƙofofin ruwa da ake buɗewa idan teku ya janye. Turawan Holan gwanaye ne a wannan aiki tun a ƙasarsu, to amma a Surinam bayi ne suka haƙa magudanan da hannu. A wannan siririn yanki ne mafi yawan jama'a suke zaune, kuma a nan ake noman shinkafa, musamman a gundumar Nickerie.

Daga nan zuwa iyakar Birazil kurmi ne mai duhu, wanda ya rufe fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙasar. Kogunan da suke ratsa shi daga kudu zuwa arewa cike suke da duwatsu da gangaren ruwa mai ƙarfi, ta yadda babban jirgi ba ya iya wucewa, sai kwalekwale a hannun wanda ya san hanya. Wannan siffa ta kogunan tana da muhimmanci ƙwarai a tarihin ƙasar, domin a inda gangaren ruwa ya fara, a nan ikon Turawa ya riƙa tsayawa.

2.2 Zuwan Turawa da Zamanin Bauta

Kafin zuwan Turawa, 'yan asalin ƙasar su ne Arawak da Karib da Warao a gaɓa, sai Trio da Wayana can cikin kurmi. Zaman Turawa na dindindin ya fara ne a wajen shekarar 1651, lokacin da gwamnan Ingila na tsibirin Barbados, Francis Willoughby, ya turo mutane suka kafa gandayen rake. Ba da daɗewa ba wasu Yahudawa 'yan asalin Fotugal, waɗanda suka ƙware a sarrafa sukari a Birazil, suka biyo baya, suka kafa matsuguninsu da ake kira Jodensavanne. A shekarar 1667 wani kwamandan jiragen ruwa na Holan, Abraham Crijnssen, ya ƙwace yankin. A yarjejeniyar Breda ta wannan shekara aka bar wa kowa abin da ya ci da yaƙi: Holan ta riƙe Surinam, Ingila kuma ta riƙe garin da ya zama New York. Ana yawan ambaton wannan a matsayin asarar da Holan ta tafka, to amma a lissafin wancan zamani ƙasar da take fitar da sukari ta fi daraja.

Daga shekarar 1683 zuwa 1795 wani kamfani ne ya mallaki ƙasar, wanda hannayen jarinsa suka kasu uku tsakanin hukumar birnin Amsterdam, da Kamfanin Yammacin Indiya na Holan, da gidan Van Aerssen van Sommelsdijck. Wato tun farko an kafa Surinam ne a matsayin harkar kasuwanci, kuma kalmar gandu a nan tana nufin babbar gona ta Bature wadda ɗaruruwan bayi suke nomawa domin a fitar da amfaninta zuwa Turai. Bayan rake, an noma gahawa da koko da auduga.

An kwaso bayin ne daga gaɓar Afirka, musamman daga yankin da yake Ghana a yau, inda Holan ta riƙe sansanin Elmina tun 1637, da gaɓar Benin da Togo, da kuma yankin Loango da Angola. Ƙiyasin masana ya bambanta, amma an yarda cewa waɗanda aka sauke a Surinam sun haura 200,000. Duk da haka, a ranar da aka soke bauta bayin da suka rage ba su kai 35,000 ba. Wannan tazara kaɗai ta isa shaida a kan irin rayuwar gandu, inda mace-mace suka riƙa fin haihuwa yawa, masu gandu kuma suka ga sayen sabon bawa ya fi musu sauƙi a kan kula da wanda yake hannu.

Har yanzu ana ganin sawun Afirka ta Yamma a al'adun ƙasar. Akwai sunayen ranaku irin na Akan, kamar Kwaku da Kofi da Kwasi, akwai kuma tatsuniyoyin Anansi, wato gizo-gizo mai wayo, wanda matsayinsa ya yi kama da na Gizo a tatsuniyoyin Hausa.

2.3 Mutanen Kurmi

Tun farkon kafa gandaye bayi suka fara gudu suna shiga kurmi. Waɗannan gudaddun bayi da zuriyarsu su ake kira Marun. Sun haura koguna sun wuce gangaren ruwa, sun kafa ƙauyuka, sun koyi noman rogo da sanin daji daga 'yan asalin ƙasa, sannan suka riƙa dawowa da dare suna kai hari gandaye domin neman makamai da kayan aiki da kuma kuɓutar da 'yan'uwansu, musamman mata. An shafe shekaru da dama ana tura musu rundunoni. Sojan Bature da ya shiga kurmin, idan harsashi bai same shi ba, zazzaɓi da yunwa su gama da shi.

Da Turawan suka ga kuɗin yaƙi ya fi ƙarfinsu, sai suka nemi sulhu. An ƙulla yarjejeniya da ƙabilar Ndyuka a ranar 10 ga Oktoba, 1760, da Saramaka a 1762, da Matawai a 1767. An tabbatar da sulhun ne bisa al'adar Marun ɗin, ta hanyar rantsuwar jini, inda wakilan ɓangarorin biyu suka ɗiga jininsu a ƙwarya aka gauraya aka sha. Ta haka waɗannan mutane suka sami 'yancinsu shekara ɗari kafin a soke bauta, kuma kafin Amurka ko Haiti su sami nasu. Sai dai yarjejeniyar tana da ƙaya a cikinta. An yi musu alkawarin kayayyaki lokaci-lokaci, har da bindigogi da albarushi, bisa sharaɗin su mayar da duk sabon bawan da ya gudo wurinsu. Ke nan Turawa sun so su mayar da abokan gabarsu na jiya masu gadin gandayensu, ko da yake sau da yawa Marun sun riƙa ɓoye waɗanda suka gudo.

Wata ƙungiya kuma, a ƙarƙashin wani jarumi mai suna Boni, ta ci gaba da yaƙi a gabashin ƙasar. Domin murƙushe ta, hukuma ta kafa rundunar bayi da aka yi wa alkawarin 'yanci, kuma su ne suka gano hanyar shiga sansanin Buku, wanda fadama ta kewaye, a shekarar 1772. An kuma kawo sojoji daga Turai, cikinsu har da John Gabriel Stedman, wanda littafinsa da ya fito a 1796 ya bayyana wa Turai irin azabar da ake yi wa bayi a Surinam. An kashe Boni a 1793, mabiyansa kuma, wato Aluku, suka zauna a tsallaken kogin Marowijne.

A yau ƙabilun Marun shida ne: Ndyuka, Saramaka, Matawai, Aluku, Paramaka da Kwinti. Kowace tana da babban sarkinta da ake kira Granman, da masu riƙe ƙauyuka a ƙarƙashinsa, kuma dangantaka da gadon ƙasa ta wajen uwa ake bin su. Abin lura a nan shi ne, su Marun sun ɗauki yarjejeniyoyin ƙarni na 18 a matsayin shaidar mallakar ƙasarsu, alhali hukumomin Paramaribo, na mulkin mallaka da na bayansa, sun ɗauki dukkan kurmin a matsayin filin gwamnati. Wannan saɓani shi ne tushen rikice-rikice da dama da za a gani a gaba.

2.4 Leburorin Kwantiragi

Holan ta soke bauta a ranar 1 ga Yuli, 1863, wato kusan shekara 30 bayan Ingila, shekara 15 bayan Faransa. An biya masu bayi diyyar gilda 300 a kan kowane bawa, su kuwa bayin ba a ba su komai ba, sai ma aka tilasta musu ƙarin shekara goma na aikin gandu a ƙarƙashin sa idon hukuma. Da wa'adin ya cika a 1873, da yawansu suka bar gandaye suka nufi birni. Zuriyarsu su ake kira Kiriyol.

Masu gandu sun riga sun hango haka, don haka suka nemi waɗanda za su maye gurbi. An fara gwadawa da 'yan Sin tun 1853. Sai dai babbar mafita ta zo ne daga wasu yarjejeniyoyi da Holan da Ingila suka ƙulla a shekarun 1870 da 1871. A cikinsu Holan ta sallama wa Ingila sansanoninta na gaɓar Ghana, ciki har da Elmina, ita kuma ta sami damar faɗaɗa ikonta a tsibirin Sumatra da izinin ɗibar leburori daga Indiya zuwa Surinam. Jirgin farko, mai suna Lalla Rookh, ya iso a ranar 5 ga Yuni, 1873. Daga lokacin zuwa 1916 an kawo Indiyawa kimanin 34,000, akasarinsu daga yankunan Bihar da Uttar Pradesh, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka koma gida. Da yake Indiyawan talakawan Ingila ne, suna da jakadan da za su kai wa kuka, sai Holan ta juya ga nata talakawan na tsibirin Jawa, a Indunusiya ta yau. Tsakanin 1890 da 1939 an kawo mutanen Jawa kimanin 33,000.

Kwantiragin na shekara biyar ne, kuma ƙin aiki ko barin gandu laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa. An sha yin bore. Mafi shahara shi ne na gandun Mariënburg a 1902, inda leburori suka kashe manajan gandun saboda rage musu lada da cin zarafi, sojoji kuma suka buɗe wuta suka kashe leburori da dama. Daga baya hukuma ta riƙa ba waɗanda suka gama kwantiragi filaye domin su zauna, kuma ta haka Indiyawa suka mamaye noman shinkafa.

Sakamakon duk wannan shi ne al'ummar da babu ƙabilar da ta kai kashi 30 cikin ɗari. A ƙidayar 2012 Indiyawa sun kai kimanin kashi 27, Marun 22, Kiriyol 16, mutanen Jawa 14, masu gaurayen asali 13, 'yan asalin ƙasa kuwa ba su kai kashi 4 ba. Harshen Holan shi ne na hukuma da makaranta, amma harshen kasuwa da titi shi ne Sranan Tongo, wanda ya samo asali a gandaye, kuma mafi yawan kalmominsa daga Ingilishi suke duk da gajeren zaman da Ingilishi suka yi. Ta fuskar addini, Kirista sun kusa rabi, mabiya Hindu sun ɗan haura kashi 22, Musulmi kuma kimanin kashi 14, wanda shi ne kaso mafi girma a duk ƙasashen nahiyar. Ƙasar ta shiga Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a 1996. Wani abin ban sha'awa shi ne, mutanen Jawa na farko sun ci gaba da fuskantar yamma a salla kamar yadda suka saba a gida, inda Makka take yamma da su, alhali daga Surinam alƙibla tana wajen gabas ne. Wannan ya raba su gida biyu, masu kallon yamma da masu kallon gabas, har kowane ɓangare ya gina masallatansa.

2.5 Ma'adinai, 'Yanci da Mulkin Soja

A farkon ƙarni na 20 gandaye sun riga sun durƙushe. Abin da ya maye gurbinsu shi ne boksait, wato ma'adinin da ake fitar da alminiyam daga cikinsa. Kamfanin Alcoa na Amurka ya shigo a 1916 ya fara aiki a Moengo. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kaso mai tsoka na boksait ɗin da Amurka ta ƙera jiragen sama da shi daga Surinam ya fito, har ta turo sojoji a 1941 domin gadin wuraren haƙar. A 1958 aka ƙulla yarjejeniyar Brokopondo, wadda a ƙarƙashinta kamfanin ya gina madatsar ruwa ta Afobaka a kan kogin Surinam domin samar da lantarkin narka alminiyam. Da aka gama ta a 1964, ruwa ya shanye kimanin murabba'in kilomita 1,560, ya tashi mutane wajen 6,000, akasarinsu Saramaka, ya binne ƙauyukansu da makabartunsu. Ba a nemi yardarsu ba, tun da a idon doka filin na gwamnati ne.

A ɓangaren siyasa, an ba kowa damar jefa ƙuri'a a 1948, kuma jam'iyyu suka kafu bisa ƙabila: NPS ta Kiriyol, VHP ta Indiyawa a ƙarƙashin Jagernath Lachmon, KTPI ta mutanen Jawa. An sami cin gashin kai na cikin gida a 1954. Gwamnatin Henck Arron ce ta nemi cikakken 'yanci, gwamnatin Holan ta Joop den Uyl kuma tana ɗokin sauke nauyin, alhali Indiyawa da dama suna tsoron abin da zai biyo baya, ganin rikicin ƙabilanci da aka yi a maƙwabciyarsu Gayana. An sami 'yanci a ranar 25 ga Nuwamba, 1975, ba tare da an yi ƙuri'ar raba-gardama ba, Johan Ferrier ya zama shugaban ƙasa na farko. Holan ta yi alkawarin tallafin gilda biliyan 3.5. Amma dubun dubatar mutane sun tattara sun tafi Holan kafin a rufe ƙofa, cikinsu har da malamai da ma'aikatan jinya da ƙwararru. Daga wannan al'umma ta ƙetare ne 'yan ƙwallo irin su Clarence Seedorf da Edgar Davids, waɗanda aka haifa a Paramaribo, suka fito suka buga wa Holan.

Mulkin farar hula bai cika shekara biyar ba. A ranar 25 ga Fabrairu, 1980, wasu ƙananan hafsoshi 16 a ƙarƙashin Saje Desi Bouterse suka yi juyin mulki. A ranar 8 ga Disamba, 1982, aka kashe fitattun 'yan adawa 15 a sansanin Zeelandia, cikinsu akwai lauyoyi da 'yan jarida da malaman jami'a da shugaban ƙwadago. Holan ta dakatar da tallafinta. A 1986 wani tsohon dogarin Bouterse, Ronnie Brunswijk, wanda ɗan ƙabilar Ndyuka ne, ya ɗauki makami ya shiga kurmi. Sojoji suka huce a kan ƙauyukan Marun. A ranar 29 ga Nuwamba, 1986, sun kashe aƙalla mutum 39 a ƙauyen Moiwana, mafi yawansu mata da yara, dubbai kuma suka tsallaka zuwa Gayana ta Faransa. Yaƙin bai ƙare ba sai a 1992, bayan ya rusa makarantu da asibitocin kurmi, ya kuma tura matasan Marun da yawa zuwa unguwannin talakawa na Paramaribo.

Bouterse bai bar fagen siyasa ba. Duk da cewa wata kotu a Holan ta same shi da laifin fataucin hodar ibilis a 1999 ba ya nan, an zaɓe shi shugaban ƙasa a 2010 da kuma 2015, domin jam'iyyarsa ta NDP ta iya jawo matasa daga ƙabilu daban-daban, abin da tsofaffin jam'iyyu suka kasa. A 2019, yana kan mulki, kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 20 a kan kisan Disamba, aka kuma tabbatar da hukuncin a Disamba 2023. Ya ɓuya bai shiga kurkuku ba, har ya mutu a Disamba 2024. Wanda ya gaje shi a 2020, Chan Santokhi, tsohon jami'in 'yan sanda ne da ya binciki wannan kisa, mataimakinsa kuma shi ne Brunswijk. A Yulin 2025 Jennifer Geerlings-Simons ta NDP ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙasar.

2.6 Batun Mallakar Kurmi

Alcoa ta rufe masana'antarta ta Paranam a 2015, zinariya kuma ta zama babbar hajar da ake fitarwa. Akwai manyan ma'adanai biyu, Rosebel da Merian, akwai kuma dubban ƙananan masu haƙa, 'yan ƙasa da 'yan Birazil, waɗanda suke amfani da zaiba wajen tace zinariya. Zaibar tana shiga koguna, ta shiga kifi, kifin kuma shi ne abincin mutanen kurmi. A teku kuwa an gano ɗanyen mai a 2020, kuma a Oktoba 2024 kamfanin TotalEnergies da abokan hulɗarsa suka amince da zuba kimanin dala biliyan 10.5, da shirin fara haƙowa a 2028. Wannan ya zo ne bayan ƙasar ta kasa biyan bashinta a 2020, ta shiga shirin Asusun Lamuni na Duniya a 2021.

Da gwamnati ta raba wa kamfanonin katako da na zinariya filaye a yankin Saramaka ba da saninsu ba, sarakunansu suka zana taswirar ƙasarsu suka kai ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Nahiyar Amurka. A 2007 kotun ta yanke hukunci cewa dole Surinam ta amince da mallakarsu ta bai ɗaya a kan ƙasar, ta shata iyakokinta, ta kuma nemi yardarsu kafin duk wani babban aiki. Kafin nan, a 2005, kotun ta umarci a biya mutanen Moiwana diyya. An gabatar da daftarin dokar mallakar ƙasa ta 'yan asali da Marun ga majalisa mai kujeru 51 a shekarar 2021, amma har ƙarshen 2024 ba a zartar da ita ba, kuma a tsawon wannan lokaci ba a daina ba da lasisin haƙar zinariya da saran katako a yankunan ba.